Kafin Ka Zargi Kwamfuta: Nasiha Ga Matasan Editoci Na Idu

'Ya'yana masu sana'ar haɗa hoton bidiyo a Idu da Karmo da kewaye, na ga yadda kuka yawaita a 'yan shekarun nan, kuma abin ya yi mini daɗi. Tun da aka buɗe layin dogo na Abuja zuwa Kaduna a watan Yulin 2016, unguwar nan ta tashi daga ta masana'antu da rumbunan kaya kawai. Aiki yana shigo muku ta ko'ina. A ɗauki biki a Kaduna, a jefa rumbun ajiyar hoton a jaka a tashar Rigasa, kafin la'asar ya sauka a Idu. Kamfani yana son tallar minti ɗaya, malami yana son a yanka masa karatun azumi, 'yan siyasa kuwa ba a magana idan kakarsu ta kama. Kuna da kayan aikin da mu ko a mafarki ba mu taɓa gani ba. Abin da na lura ya yi muku ƙaranci shi ne natsuwa a lokacin da aiki ya cije, kuma a kan haka nake so mu yi magana.

A Kano na koyi sana'ar nan, zamanin kaset, 'yan shekaru bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990. Da na'urar bidiyo biyu ake aiki, ɗaya tana kunnawa ɗaya tana ɗauka, kuma duk kwafin da aka yi sai hoton ya ƙara dusashewa. Daga baya ƙananan kaset na MiniDV suka zo, ana jona kyamara da kwamfuta ta wayar FireWire. Kaset na awa ɗaya, awa ɗaya cur za ka zauna kana jiran ya shige, ya cinye maka wajen gigabait 13. A wancan lokacin idan hoto ya ɓace, maigidanmu ba ya barin kowa ya taɓa komai. Sai ya ce a bi waya: daga kyamara zuwa na'ura, daga na'ura zuwa talabijin, har a ga inda hoton ya tsaya. Yau wayoyin sun koma cikin manhaja, ido ba ya ganinsu, amma hanyar gano matsala tana nan yadda take.

Saboda haka idan aiki ya ƙi, tambayar farko ita ce: me ya canza? Jiya yana tafiya lafiya, yau ya tsaya. Ka sabunta manhaja cikin dare? Ka shigo da hoton wata sabuwar waya? Ka sauya sunan folda? Ka ɗora wani sabon ado da ka sauko da shi daga intanet? Sau da yawa amsar tana cikin waɗannan. Sannan ka raba laifin gida uku, ko fayil ne, ko aikin da ka gina ne, ko na'urar ce. Buɗe fayil ɗin a manhajar kallo ta VLC. Idan can ma yana sarƙewa, to fayil ɗin ne ya samu rauni. Idan ya tafi sumul, buɗe sabon aiki fari fat ka jefa shi ciki. Idan ya yi kyau a nan, matsalar tana cikin tsohon aikinka. In kuma ya ƙi, gwada shi a kwamfutar abokinka. Kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Na sha ganin yaro ya goge manhaja, ya sake ɗora Windows, ya sayi sabuwar waya, duk a yini ɗaya. Ko da aikin ya gyaru, bai san me ya gyara shi ba, gobe idan ta dawo yana nan inda yake.

Haka nan idan renda, wato fitar da aikin da ka gama, ta mutu a hanya. Kada ka sake danna ta ka tafi shan shayi kana fatan sa'a. Duba a kashi nawa take tsayawa. Idan kullum a wajen kashi 60 ne na aikin minti 40, je ka wajen minti na 24 ka duba abin da ke wurin. Yawanci za ka tarar da hoto mai girman gaske da aka sauko da shi, ko waƙar MP3 mai rauni, ko wani ado mai nauyi. In ba ka gane ba, raba aikin biyu ka fitar da kowane rabi daban. Rabin da ya mutu ka sake raba shi biyu. Kafin ka raba sau biyar ko shida ka kama ɓarawon.

Amma duk waɗannan matsaloli ne masu magani. Wadda ba ta da magani ita ce ɓacewar hoto, kuma a nan nake so ku buɗe kunne da kyau. Fim ana iya sake kiran 'yan wasa. Ɗaurin aure ba a sake shi. Tsohuwar da ta sa wa jikarta albarka ranar kamu, mai yiwuwa baɗi ba ta duniya, kuma muryarta tana cikin katin da ke aljihunka. Amana ce aka ba ka, ba kaya ba. Duk katin da ya shigo hannunka, kafin ka yanka ko daƙiƙa ɗaya, kwafe shi wuri biyu, a rumbu biyu daban, ba folda biyu a rumbu ɗaya ba. Kwafe shi gaba ɗaya da duk foldojin da kyamara ta ƙirƙira, kada ka tsinci bidiyon kawai ka bar sauran, domin wasu kyamarori suna ajiye bayanan da manhaja ke buƙata a waɗannan ƙananan foldoji. Ka buɗe kwafin ka tabbata yana kunnuwa, ka gwada girmansa da na asali, sannan ka ba mai kyamara izinin goge katin. Idan hali ya yi, kwafi na uku ya kwana a wani gida daban.

Kada wani ya ce wannan tsoron talaka ne. A 1998, ana tsakiyar aikin Toy Story 2 a kamfanin Pixar na Amurka, wani ya ba kwamfuta umarnin gogewa bisa kuskure, kusan kashi 90 na fayilolin fim ɗin suka tafi. Da aka juya ga ajiyar da aka dogara da ita, sai aka tarar ta daɗe da lalacewa ba wanda ya sani. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciya, Galyn Susman, wadda ta haihu tana aiki daga gida, tana da kwafi a kwamfutarta. Darasin da na fi so ku ɗauka a nan shi ne na ajiyar da ta lalace a ɓoye. Kwafin da ba a taɓa buɗe shi an gwada ba, ba a san ko yana nan ba.

Sai maganar katin jabu. Wani yaro ya taɓa kawo mini kati an rubuta gigabait 128 a jikinsa, ya saya da araha a hannun mai talla a bakin titi. Ya ɗauki walima tun safe har dare. Kwamfuta tana nuna sunayen fayiloli duka, da girmansu, amma na farkon ne kawai ke buɗewa, sauran fanko. Katin ƙarami ne aka yi masa dabara ya riƙa faɗin girman da ba shi da shi. Na ga yadda hannun yaron ke rawa a kan tebur, kuma ba abin da zan iya yi masa. Araha ba ta ado. Duk sabon kati, cika shi taf da fayiloli a gida ka buɗe na ƙarshe, ko ka gwada shi da ƙaramar manhajar H2testw, kafin ka kai shi wurin aikin mutane. Idan kuma filash ta ƙi karɓar babban fayil alhali akwai sarari, ba lalacewa ta yi ba. Tsarin FAT32 ne, ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4. Kwashe abin da ke ciki ka mayar da ita exFAT, wanda Windows da Mac duk suna karantawa.

Jan allon nan da ke fitowa a Premiere yana cewa ba a ga fayil ba, yana tsorata sababbin shiga ba gaira ba dalili. Manhajar ba ta haɗiye hotonka, adireshinsa kawai take riƙewa. Ka sauya sunan folda, ko ka ja fayil zuwa wani wuri, ko Windows ya ba rumbun wani harafi daban, sai ta neme shi ta rasa. Nuna mata inda ɗaya yake, yawanci za ta gano sauran da kanta. Maganin ɗorewa shi ne folda ɗaya ga kowane aiki, hoto da sauti da kiɗa da rubutu duk a cikinta, kuma da an fara yanka ba a sake taɓa suna.

Mu zo ga wuta da ƙura, abokan zamanmu. Duk wanda ke aiki da kwamfutar tebur ba tare da na'urar riƙe wuta ta UPS ba, yana caca da dukiyar mutane. Lokacin da ya fi haɗari shi ne sa'ad da aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta fayil, ko lokacin juyawa daga wutar gari zuwa janareta. A nan ne aiki ke lalacewa ya ƙi buɗuwa, a nan ne rumbu ke mutuwa. Saita manhajarka ta riƙa adana aiki da kanta duk minti biyar, ta ajiye kwafi da yawa, kuma kowace safiya ka adana aikin da sabon suna mai kwanan wata. Idan na yau ya ƙi buɗuwa, na jiya yana nan. Ƙura kuwa, duk wanda ya yi hunturu a Idu ya san yadda take kwanciya a kan komai, ga ta manyan motocin da ke shiga masana'antu. An kawo mini wata laftof da ke mutuwa duk lokacin da aka fara renda, mai ita har ya yanke shawarar sayarwa. Da muka kwance bayanta, sai ga ƙura ta dunƙule a bakin fanka ta toshe mafitar iska gaba ɗaya, muka zare ta da tsinke ta fito a haɗe kamar audugar katifa. Aka hure, aka sa sabon man sanyaya a kan ƙwaƙwalwar, ta koma aiki. Na'ura idan ta ji zafi tana rage gudu don ta tsira, idan ya yi yawa ta kashe kanta. A watannin Maris da Afrilu, kada ka ɗora laftof a kan katifa ko darduma. Ɗaga bayanta iska ta shiga, ka bar manyan renda sai dare.

Da yawanku kuna kukan hoto yana tsalle-tsalle a lokacin yanka, kuna cewa kwamfutar ta yi rauni. Wani lokaci gaskiya ne, amma sau da yawa nau'in fayil ɗin ne. Wayoyi da jirage marasa matuƙi da ƙananan kyamarori suna matse hoto da tsarin H.264 ko H.265. Wannan tsari ba ya ajiye kowane firem cikakke. Yana ajiye ɗaya, sannan ya riƙa rubuta bambancin da ke tsakaninsa da masu biye masa. Duk sanda ka ja baya ko ka tsallaka, sai kwamfuta ta koma ta sake lissafin jerin kafin ta nuna maka firem ɗaya. Ga kallo yana da kyau, ga yanka azaba ne, balle idan 4K ne. Maganin shi ne furoksi: manhaja ta yi maka ƙananan kwafi masu sauƙi, irin ProRes ko DNxHR, ka yi yankanka da su, ranar fitarwa ta koma kan na asali. Ka sa su su haɗu cikin dare, da safe ka tarar da aiki yana gudu. Ka kuma riƙa share tarkacen da manhaja ke tarawa, ka bar wa rumbun kwamfuta sarari, domin idan ya cika maƙil komai yana yin nauyi. Kuma ina roƙonku, kada ku sabunta manhaja ko direban katin hoto ana tsakiyar aikin mutane. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Matsalar da ta fi cinye wa matasa dare ita ce baki da murya su rabu. A farkon bidiyo komai daidai, zuwa minti na ashirin malam ya rufe baki murya tana ci gaba. Na tarar da wata yarinya mai hazaƙa tana yanka sautin wa'azi gunduwa-gunduwa tana turawa da hannu, idonta ya yi ja. Na tambaye ta da me aka ɗauka, ta ce da waya. Waya ba ta riƙe adadin firem ɗaya. Idan haske ya ragu ko ta ji zafi, sai ta rage, sannan ta ƙara, manhajar yanka kuwa tana zaton adadin a tsaye yake. Muka sa fayil ɗin a HandBrake, wadda kyauta ce, muka zaɓi tsayayyen adadin firem, muka mayar da sabon cikin aikin, baki da murya suka haɗe har ƙarshe. Ko ƙaramin bambanci yana taruwa: tsakanin firem 30 da 29.97 a daƙiƙa, cikin awa ɗaya ratar ta haura daƙiƙa uku da rabi. Sautin bidiyo kuma a 48 kHz ake ɗaukarsa, ku gaya wa mai rikoda ya bar 44.1 ga masu faifan waƙa. Kuma a tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara kafin a fara, da kuma kafin a kashe idan ɗaukar mai tsawo ce. Wannan tafin ya fi kowace dabara sauƙi wajen daidaitawa.

A nan za ku gane cewa yawancin ciwon da ke bayyana a teburin edita, a wurin ɗauka aka kamu da shi. Wutar ƙasar nan tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, talabijin ɗinmu kuma a kan firem 25 aka gina shi. Wayoyi da kyamarori da yawa suna zuwa a saite da 30 ko 60, irin na Amurka inda wuta ke bugawa sau 60. Shi ya sa kake ganin hoton ɗakin taro yana ƙyaftawa, ko wasu layuka suna gangarowa a bango. Cire wannan a kwamfuta wahala ne, kuma ba ya fita tas. Kira mai kyamara tun kafin ranar ɗauka, ku yarda a kan firem 25 ko 50, saurin shata ɗaya bisa 50 ko ɗaya bisa 100. Idan kyamara uku ce, dukkansu su zama ɗaya. Editan da ke jira sai an kawo masa kati kafin ya buɗe baki, ya riga ya makara.

Sauti shi ne inda ake gane gwani. Mutane za su jure hoto mai ɗan duhu, amma ba za su jure muryar da ba sa ji ba. Gurnanin nan mai kauri da ke shiga idan an ja waya daga na'urar mai kiɗa, na wuta ne, yana zaune a 50 Hz da ninkinsa, 100 da 150. Matse waɗannan wurare kaɗan zai ragu ƙwarai. Muryar da ta fashe saboda an ƙure ƙarfin makirufo kuwa, abin da ya tafi ya tafi, sai dai a rage muninta. Sababbin manhajojin share hayaniya suna da amfani, amma idan ka ƙure su sai su cinye ƙarshen kalmomi, dattijo ya koma yana magana kamar daga cikin rijiyar ƙarfe. Ɗan ƙugin janareta a nesa ya fi wannan mutunci. Idan ka gama, kada ka tsaya ga manyan lasifikokinka. Tura aikin a ƙaramar waya ka fita bakin titi ka saurara, domin a nan mafi yawan masu kallonka za su ji shi. Idan kiɗa ya danne magana, rage kiɗan.

A kan launi zan taƙaita. Tun daga iPhone 12 da ta fito a 2020, wayoyin nan suna ɗauka da tsarin HDR, shi ya sa hotonsu ke yin fari fat idan ka haɗa shi da na kyamara. Gaya wa manhaja ta mayar da shi Rec.709, ko a kashe tsarin a wayar kafin ɗauka. Kada ka amince da allon laftof ɗinka, koyi karanta ma'aunan haske da ke cikin manhajar. Wani abu kuma da ke damuna: ku daina wanke fatar mutane. Amarya baƙa kyakkyawa, a mayar da ita fara har danginta su kasa gane ta. Wannan ba gyara ba ne, kuma 'ya'yanta za su kalli hoton nan wata rana.

Haka rubutun Hausa a kan allo. Ka rubuta sunan ango ko garinsu, sai ƙaramin akwati ya fito a gurbin ƙ ko ɗ ko ɓ, kai kuma ka cire lanƙwasar ka wuce. Salon rubutun da ka zaɓa ne ba shi da haruffanmu. Noto Sans da Andika suna da su, kuma kyauta ne. Fayil ɗin fassarar da ke bin ƙasan allo kuma a adana shi da tsarin UTF-8, in ba haka ba haruffan su rikiɗe idan an ɗora a YouTube.

Na san kuɗin manhaja yana da nauyi, kuma na san inda da yawanku ke samo taku. Manhajar sata ƙofa ce da ƙwayar cuta ke yawan shigowa ta ita, kuma idan ta rushe ba ka da wanda za ka tambaya. DaVinci Resolve tana da nau'in kyauta wanda ya ishe ka yanka da launi da sauti. Ka ba ta makonni ka koya, hankalinka zai fi kwanciya.

Ranar miƙa aiki, tambayi mai shi a ina za a nuna. Tashar talabijin irin Arewa24 ko NTA tana da ƙa'idojinta, ka nema a rubuce tun da wuri. YouTube daban, TikTok mai tsayuwa daban. Idan ta WhatsApp za ka tura, tura shi a matsayin takarda, in ba haka ba zai matse shi ya ɓata wahalarka. Kuma ka zauna ka kalli abin da ka fitar daga farko har ƙarshe, ba tsallake. Baƙin firem ɗaya, ko sunan mahaifin amarya da aka rubuta ba daidai ba, a gaban jama'a ake ganinsu.

Idan kuwa ƙaddara ta faɗa, hoto ya ɓace, daina amfani da katin ko rumbun nan take, domin duk sabon abin da ka rubuta yana iya hawa kan wanda kake nema. Rumbun da ke ƙara ƙas-ƙas a kashe shi, a kai wa masani. Sannan ka kira mai aikin a ranar ka gaya masa gaskiya, kada ka kashe waya. Da wuri, ana iya tattaro abin da 'yan biki suka ɗauka a wayoyinsu a rufa asiri. Bayan wata guda duk sun goge. Idan za ka kai kwamfuta gyara, kwashe hotunan mutane tukuna, musamman na wuraren mata, domin abin da ya fita ba ya dawowa, kuma kai za a tambaya.

Ina roƙon kowannenku ya sayi ƙaramin littafi ya ajiye kusa da kwamfuta. Duk matsalar da ta zo, rubuta yadda ta bayyana, da abin da ka gwada, da abin da ya yi magani, ka bar yaran shagonka su karanta. Wanda kuma yake da aikin mutane a rumbu ɗaya tak a yanzu haka, ya kwafe shi a daren nan kafin ya kwanta. Allah ya yi wa sana'arku albarka.